Hayaƙin Gwaggo da Tankin Iska

Rumfata tana bakin kwalta a Cadawa, ƙarƙashin wata tsamiya, daidai inda motocin kasuwa masu zuwa Agiye da Gazawa suke tsayawa su ɗauki mutane. Faci nake yi. In taya ta fashe a kawo mini, in ta yi sanyi in ba ta iska. Kekuna, babura, amalanken shanu da na jakai, motocin kasuwa, duk nawa ne. Kafin in samu tanki da famfon hannu nake bugawa, kuma duk wanda ya taɓa cika tayar mota da famfon hannu a tsakiyar bazara zai gane dalilin da ya sa nake yi wa tankin nan kallon ɗan gida.

Wani ɗan kasuwa ne ya hauro da shi daga kudu ya sauke a Gazawa, ni kuma na je na ɗauko shi a amalanke. Tun a lokacin tsoho ne. Jan fentinsa ya koɗe. A samansa akwai ƙaramin inji mai shan isansi, wato fetur, da igiya ake tayar da shi, shi ke tura iska cikin tankin. Sai agogo mai allura ɗaya da ke nuna yawan iskar da ke ciki, sai tiyo. Ƙafafunsa gajeru ne, ɗaya ma ta lanƙwashe, don haka ranar da na kawo shi na kwantar da shi a kan wata tsohuwar tayar babbar mota don kada ya riƙa rawa. Cikinsa ya nutse a ramin tayar kamar kaza a kan ƙwai. A nan ya yi shekaru, ban taɓa ɗaga shi ba.

Lokacin da nake ba da labari shi ne lokacin da aka buɗe ƙofar siyasa, jam'iyyu suka fito kamar ciyawa bayan ruwan fari. Kowa ya zama mai magana. Mutumin da a da in an ambaci gwamnati sai ya duba bayansa, yanzu shi ke bugun teburin mai shayi. Mu masu sana'ar bakin hanya mun ga alheri, don motoci suna ta shiga ƙauyuka neman ƙuri'a, tayoyinsu suna ta cin ƙaya. Ina kuma da bindigar fenti, wadda ake haɗawa da tiyon tankin iska ta fesa launi, da ita nake fesa ƙofofin ƙarfe da gadaje. 'Yan jam'iyya suka fara kawo mini alluna da bencina. Ni babu ruwana, launin da aka kawo shi nake zubawa. Amma in an zo wurin rubutu sai a ɗauke allon a tafi da shi Maraɗi, saboda ban san harafin boko ko ɗaya ba. Ina tsaye da fenti a hannu nake kallon rabin aikina yana hawa mota.

Shi ya sa da aka ce an buɗe ajin yaƙi da jahilci na manya a wata rumfar zana bayan lakol, makarantar bokon yara, ina cikin waɗanda suka fara zuwa. Mai koyar da mu mutum ne mai sanyin hali, muna ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Bencinan kaɗan ne, masu so sun fi wurin zama yawa, har wasu suna tsayawa a waje suna leƙe ta ramukan zana. Tun ranar farko Mushe ya gaya mana karatun na rani ne, da ruwa ya sauka kowa zai koma gona, saboda haka wanda ya riƙa fashi za a ba wani wurinsa. Ana shiga bayan azahar, a tashi da kiran la'asar. Wurina yana bencin gaba, don idona na hagu ba ya hango tablo, babban allon da Mushe ke rubutu a kai, daga nesa.

Wanda ya sa zuwana ajin ya yiwu shi ne mai shayin da ke jikin rumfata. Taubashina ne, ɗan gwaggona ƙanwar mahaifina. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, kuma tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Tsoron injin yake yi. Ya taɓa jan igiyar ta fizge masa kafaɗa, ya rantse ba zai ƙara ba. Amma riƙe tiyo a bakin taya bai fi ƙarfinsa ba. Sai muka shirya: in na idar da azahar in tayar da inji, in cika tanki har allura ta kai jan layi, in kashe, in tafi. Mai neman iska shi zai ba shi, mai neman faci ya jira la'asar. Tankin kuwa yana riƙe iska har yamma, wani lokaci ma in tarar da saura da safe.

"Tahi, tahi lakol ɗin masu gemu," haka yake ce mini kullum. "In ka zama komanda kada ka mance da wanda ya riƙe maka tiyo."

"In na zama komanda, kai zan fara ɗaurewa."

"Da wace igiya? Ta injin? Ai ta ruɓe."

Kwanakin nan na farko ina tuna su da daɗi. Hannun da ya saba da ɓamɓare taya daga ƙarfe bai san yadda ake riƙe alli ba, sai in danna ya karye, aji ya yi dariya, ni ma in yi. Amma a hankali haruffa suka fara tsayawa wuri ɗaya. Na gane a, na gane i mai ɗigo a kai, na gane k mai tsayuwa kamar mutum ya miƙa hannu da ƙafa. In na dawo rumfa babu aiki, sai in zauna in zana su a ƙasa da tsinke.

Ana cikin haka tankin ya fara zubar da iska. Da farko ban kula ba. Na dawo la'asar na ga allura ta sauka fiye da yadda ta saba, na ce ko masu amalanke ne suka yi yawa. Taubashina ya ce keke biyu kawai aka kawo. Washegari ta ƙara sauka. Kafin a yi nisa, in na cika shi bayan azahar, ba a kai rabin karatu sai allura ta kwanta.

Ranar da abin ya fara taɓa karatuna, Mushe yana kan nuna mana yadda ake haɗa baƙi da wasali, sai muka ji muryar taubashina daga bayan zana.

"Kai ɗan namiji! Hito! Tulun naka ya yi tusa, babu komi ciki. Ga mota cike da mutane tana jira."

Aji ya fashe da dariya. Na ajiye allona na fita da gudu, na ja igiya, na cika tayar. Kafin in dawo an share tablo. Washegari haka, jibi haka. Ba zan iya cewa direba ya jira la'asar ba, don akwai wani mai faci a ɗaya bakin garin, kuma direban da ya saba da can ba ya dawowa nan.

Na zauna na yi wa tankin irin binciken da nake yi wa robar cikin taya. Taya in tana zuba, cikin rabin gangar ruwa nake tsoma robar, kumfa ya nuna mini ramin. Tanki ba ya shiga ganga, don haka na kaɗa garin sabulu a gwangwani, na samu gashin kaza, na cika tankin, na bi duk wata mahaɗa ina shafawa. Gindin agogo, babu. Inda bututun inji ya shiga tanki, babu. Famfon da ake buɗe wa tiyo, babu. Na shafa layin walda na gefe da gefe har inda hannuna ya kai. Kumfar sabulu ta zauna shiru ta bushe.

Tiyon kuwa na tsoma shi cikin ganga ɗungurungum, sai ga 'yan kumfa ƙanana suna tasowa daga bakinsa. Na yi hamdala. Na yanke wurin da ya tsage, na mayar da bakin, na ɗaure da waya. Na ce wa taubashina an gama.

"An gama da wa? Da kai ko da tulun?"

Shi ya yi gaskiya. Ranar ma sai da ya kira ni.

Daga nan kowa ya zama gwani. Wani direba ya ce agogon ne ke ƙarya, in ɗan buge shi. Na ce agogo yana iya ƙarya, amma taya ba ta ƙarya, babu iska a tiyo. Wani ya ce iskar komawa take yi ta cikin inji, akwai wata 'yar ƙofa a bututun da ke hana ta komawa. Wannan magana ce mai ma'ana, na sauke iskar duka, na kwance wurin, na wanke da isansi, na mayar. Bai canza komai ba. Na je wurin mai walda na ba shi labari. Ya ce mini in mahaɗa ce ke zuba, abu ne mai sauƙi, amma in tsatsa ce ta cinye jikin tankin har ya huje, kada in kawo masa, ba zai sa masa wuta ba, don tankin da ya ruɓe in aka toshe nan wata rana gaba ɗaya zai tashi da mutum. Na dawo rumfa da maganarsa a raina.

Abin da ya fi damuna shi ne ina jin sautin. Da rana ba a ji, saboda motoci da rediyon taubashina da masu gardamar siyasa. Amma da sassafe in na cika shi na kashe inji, sai in ji wani siririn huci. In na kai kunne dama sai in ji shi hagu. In na zagaya sai in ji kamar daga ƙasa yake fitowa.

Rannan bayan an tashi, Mushe ya tsayar da ni a bakin rumfa.

"Malam, ina ganin ƙoƙarinka, kuma na san ba wasa ke fitar da kai ba. Amma dubi can."

Na duba. Wani mahauci ne da ya daɗe yana tsayuwa a bayan zana, allonsa a hammata.

"Kullum yana nan, rana na dukansa, wurinka kuwa babu kowa. In makon nan ya ƙare ana kiranka, zan ba shi. Ka yi haƙuri."

Na ce masa ya yi daidai. Da ni ne a bayan zana, abin da zan so a yi ke nan.

Da magariba na bi taubashina gidansu don in gaida Gwaggo. Ta tsufa a lokacin, kunnenta ya yi nauyi, amma abin da ba a so ta ji shi take ji. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta faɗin sunana, Babana take ce mini. Muka tarar tana ɓarar gujiya a tsakar gida. Bayan gaisuwa na zauna a kan turmi ina yi wa taubashina ƙorafi.

"Iskar nan ta gagare ni. Ina jin hucinta, in na matsa nan sai in ji ta can. Kamar daga gindin tsamiyar take fitowa."

Gwaggo ta daina ɓara.

"Wace iska?"

Na buɗe baki ke nan taubashina ya riga ni, fuskarsa babu alamar dariya.

"Iskar rumfarshi, Inna. Ta hana shi karatu. Da ya zauna cikin aji sai ta sa a kira shi."

"Gwaggo, iskar taya ce. Wadda nake tarawa cikin tanki."

"Cikin tanki? To ai ta samu ɗaki ke nan." Ta ture ƙwaryar gujiyar gefe. "Babana, ban hwaɗa maka ba tun ranar da ka kafa rumfar nan? Duk itacen garin nan ka rasa inda za ka zauna sai gindin tsamiya? Ka tarar da masu wuri, ba ka yi musu sallama ba, ka kawo musu inji yana ta ƙara a kansu."

Mutanen ɓoye take nufi. Na sake bayani da ƙarfi, har da kwatance da hannu. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta gane sarai, gobe da asuba tana nan tafe. Taubashina ya sunkuyar da kai yana tari. A hanyar fita na ce masa Allah ya isa, ya ce ai taimakona ya yi, tunda sabulu ya kasa.

Na ɗauka za ta manta. Da na fito masallaci na iso rumfa, sai na tarar da ita zaune a kan bencina, da kasko a gabanta da wani ƙullin tsumma. Ta kwance, ƙaron itacen hano ne da sassaƙensa, na turare. Taubashina har ya hura wutar shayi, yana zaɓo mata garwashi masu kyau kamar abin arziki.

Na tsaya ina tunani. Ni ban yarda akwai wani abu a tankin nan ba banda abin da inji ya tura. Kuma akwai abokaina na masallaci waɗanda in suka wuce suka ga ana turara tanki, zan sha magana har damina. Amma ƙanwar mahaifina ce, shi kuma ba ya duniya. Ta taso da sandarta tun duhu saboda ni. Na ga babu abin da hayaƙi zai rage wa tanki. Abin da na yi kawai, na kwashe kwalaben isansi da gwangwanayen fenti da gam na kai su can nesa bayan teburin shayi.

"Tana ciki yanzu?" in ji Gwaggo.

"Babu ko kaɗan, Gwaggo. Ta fita tun jiya."

"To kira ta."

Na ja igiya. Inji ya tashi, ya yi ta bugawa, ita kuma ta toshe kunne ɗaya da gefen gyalenta. Da allura ta kai jan layi na kashe.

"Ta shigo?"

"Ta cika."

Ta yi bisimilla, ta zuba ƙaron a kan garwashi. Safiyar bazara ce, ko ganye ba ya motsi, motoci ba su fara wucewa ba. Hayaƙin ya miƙe sama sak kamar zare. Ta riƙe kaskon da tsumma, ta duƙa, ta fara zagaya tankin a hankali tana magana ƙasa-ƙasa. Abin da na ji daga ciki, haƙuri take ba su. Tana cewa yaro ne bai sani ba, abinci yake nema, karatu yake so, su bar shi. Ina da furfura a gemu a lokacin.

Ta gefen hanya hayaƙi ya tashi sak. Ta gefen teburin shayi, sak. Da ta zo baya, ta wajen gindin tsamiyar, bayanta ya gaji, sai ta dire kaskon a ƙasa jikin tsohuwar tayar da tankin ke kwance a kai. Nan take hayaƙin ya karye. Maimakon ya yi sama, sai ya kwanta ya yi gefe da gudu, kamar akwai mai hura shi daga ƙarƙashin tankin.

"Ga ta nan!" in ji Gwaggo.

"Wallahi ga ta nan," in ji ni.

Na janye kaskon, na kwanta rubda ciki a ƙasa, na cusa hannu tsakanin tayar da cikin tankin. Sanyi ya bugi bayan hannuna. Ashe ramin tayar ne ke juya sautin yana watsa shi ko'ina, shi ya sa kunnena ya kasa kama shi. Gashin kazata kuwa bai taɓa kaiwa can ba, don ban taɓa zaton akwai wata mahaɗa a ƙarƙashi ba.

Taubashina ya daina dariya, ya zo ya tsuguna.

"Kai, da gaske?"

"Kawo hannunka ka ji."

"A'a, ni ɗan mace ne, ba gādona ba ce."

Ban taɓa komai ba sai da na buɗe tiyo na bar iskar ta fita duka, allura ta kwanta, na ƙara jira har hucin ya mutu. Gwaggo tana zaune tana gyaɗa kai, a wurinta ficewa ake yi. Sannan muka kira wani mai amalanke da ya zo shan shayi, mu uku muka ɗaga tankin daga kan tayar muka jingina shi. Muna ɗagawa ina tuna maganar mai walda. Cikin tankin ya yi baƙi da tsohon mai da ƙasa, har da gidan zanzaro. Na kankare da wuƙa. Sai ga wani ɗan famfo da bai fi babban yatsa ba, a daidai ƙasan cikin. Shekarun nan duka yana nan ban sani ba.

Na sa sifana na kwance shi da ƙyar. Wani jan ruwa mai wari ya tsiyayo, ya yi ta zuba har ya yi ɗan kududdufi a ƙasa. Gwaggo ta ja ƙafarta.

"Kun ga abin da ta bari? Kada kowa ya taka."

Daga baya wani direban babbar mota ya gaya mini iska tana da gumi, in an matse ta cikin tanki sai ta bar ruwa, famfon nan don zubar da shi aka yi, ana buɗe shi lokaci-lokaci. A ranar dai abin da na gani shi ne zoben robar da ke gindin famfon ya bushe ya tsattsage, ina taɓa shi ya ruguje kamar ƙuli-ƙuli. Na bi cikin tankin ina ƙwanƙwasawa da sifana, ko'ina ƙarfe ya amsa da ƙarfi, babu wurin da ya yi taushi. Sai a lokacin na yi numfashi sosai.

Na samu robar cikin tayar babbar mota, mai kauri, na yanka sabon zobe da almakashi. Na farko ya yi faɗi, na biyu ya zauna. Na wanke famfon, na ɗaure. Tsohuwar tayar na mirgina ta gefe, muka ɗora tankin a kan bulo yadda ido zai riƙa ganin ƙasansa. Na tayar da inji, na cika, na kashe, na shafa ruwan sabulu a wurin har yana ɗiga. Babu kumfa ko ɗaya. Gwaggo ta ce sabulu ba shaida ba ne, ta ƙara ƙaro a kasko ta tura ƙarƙashi. Hayaƙi ya tashi ya lulluɓe tankin a hankali, ya yi sama.

"Ta tahi," in ji ta.

"A'a Inna, ta zauna," in ji ɗanta. "Shi zamanta yake so."

"Kai dai ba ka da hankali tun kana goye. Ba ni shayi."

Duk safiyar nan aiki nake yi ina satar kallon agogo. In na ba keke iska allura ta ɗan motsa, in ban taɓa ba ta tsaya cik. Da na idar da azahar na ƙara cika shi, na ɗauki allona. Mahaucin nan yana bayan zana kamar kullum, muka gaisa, ya bi ni da ido har na zauna. Gaskiya rabin hankalina yana bakin hanya. Duk motar da ta rage gudu sai in ji kamar yanzu za a ƙwala mini kira. Mushe ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Ban ankara ba sai na ji kiran la'asar.

Da na koma, taubashina ya ce amalanke da babura sun zo, duk ya sallame su. Allura tana sama da rabi. Makon ya ƙare ba a kira ni ba, na bayansa ma haka. Mahaucin kuwa da kaina na haɗa masa ɗan benci da guntayen katako, muka roƙi Mushe ya bari a sa shi a bakin ƙofa, ya yarda. Har ruwa ya sauka muna tare a ajin.

Kafin a rufe karatu na samu wani guntun kwano, na fesa masa fari. Na zana haruffa huɗu a jikin kwali, na kai wa Mushe ya duba, ya ce s ɗin ta juya baya, na gyara. Na yanke su da reza, na ɗora kwalin a kan kwanon, na fesa ja da bindigar fenti. Da na ɗaga sai ga shi: ISKA. Na rataye a reshen tsamiya yadda direba zai hango tun daga nesa. Shi ne aikin rubutu na farko a rumfata da bai hau mota zuwa Maraɗi ba.

Taubashina ya zo ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu.

"Mi ka rubuta?"

"Iska."

"Saura kalma guda a gabanta, sannan mutane su san mai rumfar."

"Wace?"

"Ɗan."

Na miƙa masa alli. "Ga wuri nan, rubuta da kanka."

Ya juya allin a hannu, ya duba kwanon, ya mayar mini. Ya ce shayinsa na ƙonewa.

Shi ya kai wa Gwaggo labari, da ƙari kamar yadda ya saba. Da na je gaishe ta, ta sa na matso kusa da kunnenta mai ji.

"Babana, an ce ka rubuta sunanta ka rataye a bakin hanya?"

"Na rubuta, Gwaggo."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Ta kalli hannun, baƙin gam da jan fenti duk a farce. Sannan ta ɗebo gujiya ta zuba mini a ciki.

"To, tunda kun saba, ku zauna lafiya. Amma ka riƙa yi mata sallama da sahe."

Har yau duk safiya, kafin in ja igiya, nakan duƙa in buɗe ɗan famfon nan ruwa ya ɗiga, in rufe, in taɓa gindinsa da bayan hannu.